Tambayoyi da amsoshi kan shirya rikicin gadon sarauta a wasan labari na tebur

Tun da na fara jan wasan nan na tebur, irin wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna kowa ya riƙe jaruminsa, mutum ɗaya yana ba da labari ana jefa dayis, babu abin da 'yan uwa masu jan wasa suka fi tambayata kamar yadda ake ƙulla rikicin gadon sarauta. Faɗa da dodo a kogo kowa ya iya shirya shi, amma da an ce sarki ya kwanta ciwo 'ya'yansa sun fara kallon-kallo, sai mai jan wasa ya rikice. Shi ne na tattara tambayoyin da suka fi dawowa na amsa su waje ɗaya.

Wai shi wasan ma yaya yake, ba caca ba ce?

Ba caca ba ce, babu wanda ke zuba kuɗi kuma babu wanda ke tashi da kuɗin wani. Tatsuniya ce da ake ƙirƙira tare, dayis ɗin aikinsa kawai ya raba gardama, misali jaruminka ya ce zai haura katangar fada cikin dare, toh a jefa a ga ko ya haura ko dogarai sun ji motsinsa. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, kuma shi ne ke amfani da dayis mai fuska 20, amma duk abin da zan faɗa a nan zai yi aiki a kowane irin tsari kake bi.

Daga ina zan fara? Na riga na ƙirƙiro mugun ɗan sarki mai son kashe yayansa.

Ajiye shi tukuna ɗan uwa. Ka fara da doka, wato a wannan masarautar taka ta yaya ake zama sarki, kuma bakin wa ake jira. In ba ka san wannan ba duk makircin da ka ƙulla zai zama kisan kai ne kawai a cikin gida mai kyau, don makirci ai a jikin doka yake rayuwa, kowa na neman ramin da zai bi ta ciki ba tare da an ce ya karya ta ba.

Kuma ba sai ka kwaso tsarin Turai na babban ɗa shi ke gado ba, wallahi shi ne ma tsarin da ya fi ƙarancin daɗi a tebur tunda amsa ɗaya ce. Duba na kusa da mu. A Kano masu zaɓen sarki huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma su kansu ba 'yan gidan da ke gadon sarautar ba ne, kaga kenan mutum huɗu da ba za su taɓa hawa ba su ne kowa ke lallaɓawa. A Zazzau gidaje ne ke da haƙƙi, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, saboda haka tambayar ba wane ɗa ba ce kaɗai, har da wane gida ne ya daɗe bai taɓa ba. A Asante ta ƙasar Gana ta wajen uwa ake gado, ɗan sarki ba ya gadon ubansa, uwar sarauta ce ke fito da suna manya su amince ko su ƙi. A tsohuwar daular Oyo akwai lokacin da babban ɗan Alafin, wanda suke kira Aremo, dole ya bi ubansa lahira in uban ya mutu, don kada ya yi gaggawar ganin bayansa. Su kuma Turkawan Istanbul akwai zamanin da wanda ya fara kama gadon yake gamawa da 'yan uwansa, Sultan Mehmed na uku da ya hau a 1595 'yan uwansa maza 19 aka kashe.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari daban yake haifarwa. In masu zaɓe ne, wasanka zai cika da ziyarar dare da kyauta da tona tsohon asiri. In wanda ya riga isa ne, wasanka tsere ne a kan doki. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta dokar a layi uku, ka bari 'yan wasa su ji ta daga bakin wani tsoho a zaman farko, sannan ka bar waje ɗaya da dokar ta yi shiru, misali ba ta faɗi abin da za a yi ba in masu zaɓe suka rabu biyu da biyu.

'Yan takara nawa ya kamata?

Uku. Biyu sai ya koma na kirki da mugu, biyar kuma 'yan wasa za su manta sunaye kafin a sha shayi. Da uku duk lokacin da biyu suka haɗa kai na ukun ya shiga uku, kuma haɗin ba ya daɗewa.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, kowanne a cikinsu ya kasance yana da gaskiyarsa. Ga irin yadda nake yi. Ciroma shi ne babban ɗa, malamai na sonsa, yana da haƙuri, amma shekara uku da suka wuce ya janye daga fagen daga mutane suka mutu kuma barade ba su manta ba. Galadima ƙanin marigayi ne, shekara ashirin shi ke riƙe da gari duk sanda sarki ya fita yaƙi, ya san kowane hakimi da abin da yake ci, sai dai ya tsufa kuma kowa ya san in ya hau 'ya'yansa ne za su cinye sarautun 'ya'yan wansa. Na ukun ɗan sa-ɗaka ne, ya girma a bakin iyaka, shi ya ci yaƙin da Ciroma ya gudu, talakawa na masa waƙa a kasuwa, amma bai san fada ba kuma akwai raɗe-raɗin ya yi wa maƙwabciyar masarauta alƙawarin wani gari. Toh yanzu wa za ka ba? In kai mai jan wasa ka iya amsawa nan take, ka koma ka gyara, akwai wanda ka yi wa son kai.

Ga kowanne ka rubuta abu huɗu kawai, abin da yake so, abin da yake tsoro, abin da ya ɓoye, da abin da ba zai taɓa yi ba ko za a kashe shi. Na ƙarshen nan shi ke mai da shi mutum. Mugun Galadima da ba zai taɓa karya rantsuwa ba ya fi daɗin wasa nesa ba kusa ba a kan wanda zai yi komai.

Akwai wani tarihi na gaske da zan iya koyo a ciki?

Yaƙin Basasar Kano, kuma in ka karance shi da idon mai jan wasa za ka ga komai a shirye. Sarki Muhammadu Bello ya gaji wansa Abdullahi Maje Karofi, kuma a zamaninsa ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautu yana ɗaga nasa. Da Bello ya rasu a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa Tukur ɗan Bello, alhali da yawa a gari Yusufu ɗan Abdullahi suke so. Yusufawa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, suka riƙa jawo garuruwa. Ana cikin haka Yusufu ya rasu tun kafin a ci birni, sai ƙaninsa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, kuma shi mahaifiyarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce, abin da ya sa daga baya sulhu da Sakkwato ya zo da sauƙi. Suka shiga Kano a 1894, Tukur ya fita, aka kashe shi a Tafashiya a 1895.

Duba abubuwan da ke ciki. Rikicin bai fara ranar mutuwar sarki ba, shekaru aka yi ana tara ɓacin rai ta hanyar tuɓe-tuɓe. Akwai babba na nesa da ke da ikon naɗi amma ba ya zaune a garin. Jagoran 'yan tawaye ya mutu a tsakiyar tafiya kuma tafiyar ba ta mutu ba. Sannan dangin uwa, abin da mutane ke mantawa, su suka gyara ƙarshen. Ka ɗauki ƙashin bayan ka canza komai na sama.

Dole sarkin ya mutu kafin wasa ya fara?

A'a, kuma ni na fi son kada ya mutu da wuri. Sarki mai rai amma wanda ba ya iya mulki ya fi gawa tayar da hankali. Askiya Muhammadu na Songhai ya makance a tsufansa, amininsa Ali Fulan ya riƙa rufa asirin, har dai Musa ɗan Askiyan ya tuɓe uban nasa wajen 1528. Ka yi tunanin 'yan wasanka su ne suka gano cewa wata shida kenan ba sarki ke magana a bayan labule ba, wani ke faɗin abin da ya ga dama da sunansa, kuma mai yin hakan ba don mugunta yake yi ba, tsoron jinin da za a zubar ne. Su tona ko su rufe? Zama biyu cur za ku yi a kan wannan.

In kuma ya mutu, awannin farko su ne komai. Sarki Henry na ɗaya na Ingila ya sa manyan ƙasa sun rantse wa 'yarsa Matilda bayan ɗansa namiji ya nutse a teku a 1120, amma da Henry ya mutu a 1135 tana ƙetaren ruwa, ɗan 'yar uwarsa Stephen ya yi wuf ya isa Landan, ya kama baitulmali, aka naɗa shi cikin sati uku, kuma sai da aka yi ta yaƙi har 1153. Wa ya fara jin labarin mutuwar, wa ke riƙe da makullin taska, wa ya rufe ƙofofin birni, waɗannan ka san amsarsu kafin zama.

Su 'yan wasan a ina zan saka su? Kar su zama 'yan kallo.

Wannan shi ne inda mafi yawanmu ke faɗuwa, mai jan wasa ya zauna yana magana da kansa da muryar Waziri da muryar Galadima, mutane biyar na kallonsa suna danna waya. Maganinsa ka ba su wani abu a hannu da duka ukun ke buƙata. Su ne suka raka jakadan da ya ji wasiyyar sarki kuma jakadan ya mutu a hanya. Ko ɗaya daga cikinsu ɗan mai zaɓen sarki ne da uban ya tsufa yana jin maganarsa. Ko su aka ba ajiyar kayan sarautar da ba a naɗi sai da su, kamar yadda Kano ke da tagwayen masu, Katsina ke da takobin Gajere. Wanda ke riƙe da irin wannan ba ya neman kowa, kowa ne ke nemansa, kuma kowane ɗan takara zai zo da fuskarsa mafi kyau.

Kuma tun wajen ƙirƙirar jarumai ka ɗaure kowa da wani gida. Wannan Ciroma ne ya fanshi uwarsa, wancan ya yi yaƙi a ƙarƙashin ɗan sa-ɗaka, waccan Galadima ne ya riƙe ta tun tana yarinya. Gardamar da za su yi a tsakaninsu ta fi duk wadda za ka ƙirƙira, sai dai ka yi yarjejeniya da su tun farko cewa saɓani na jarumai ne, ba a ɗaukarsa a tafi da shi gida.

In wani ya ce shi yana so ya zama ɗan sarki, ka yarda, amma ka sa shi na huɗu a layi wanda ba a lissafi da shi, kuma ka tabbatar sauran suna da abin da za su samu ko su rasa, kada su koma 'yan rakiyarsa.

Ni mace ce kuma mu mata ne a teburinmu, duk labarin maza ne?

Ko kusa 'yar uwa. Rabin siyasar fada a cikin gida take, inda Waziri da kansa ba ya iya shiga. A Kano mahaifiyar sarki tana da sarautarta, Mai Babban Ɗaki, kuma tarihin Kano ya riƙe sunan Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa, wadda ta yi ƙarfi a zamanin ɗanta da jikanta. Jakadiya kuwa ita ke shiga ta fita tsakanin sarki da hakimai da matan gida, tana jin abin da kowa bai ji ba, ɗan hakin da ka raina kenan. Wa ke dafa abincin sarki, wa ta san daren da aka haifi wane, wace kishiya ce ta shayar da ɗan wata har ya fi jin maganarta a kan ta uwarsa. Kuma tunda duniyar taku ce, babu abin da ya hana ku sa 'yar sarki cikin 'yan takara, Daura ai sarauniyoyi suka mulke ta kafin zuwan Bayajidda a yadda labarin ya zo.

Sihiri yana ɓata min komai. Sun tambayi gawar sarki wa ya kashe shi, shikenan wasa ya ƙare.

Bai ƙare ba. A dokokin Dungeons & Dragons na bugu na biyar sihirin magana da gawa tambaya biyar kawai yake ba ka, gawar abin da ta sani tana da rai shi kaɗai ta sani, kuma ba dole ta faɗi gaskiya ga wanda take gani maƙiyi ba. Sarkin da aka sa wa guba a fura bai san wa ya sa ba, abin da zai faɗa shi ne wanda yake zargi, kuma zargin nasa na iya zama kuskure. Shi ma sihirin da ke hana ƙarya a wani fili, wanda ya shiga ya san ya shiga, yana iya yin shiru ko ya kewaya. Dawo da matacci kuma, in ba da sihiri mafi girma ba, sai cikin kwana 10 da lu'ulu'u mai tsada, saboda haka mai wayo zai sa a ɓoye gawar har kwanakin su wuce.

Amma babbar amsa ita ce sanin gaskiya daban, sa mutane su yarda daban. Sun san Galadima ne, toh sai me, wa zai karɓi shaidar baƙi huɗu da boka a kan ƙanin sarki? Kuma masarautar da ta san akwai sihiri dole ta yi masa doka tuntuni, misali wanda ya mutu aka dawo da shi ya fita daga gado, ko ba a karɓar maganar gawa a gaban alƙali. In kuma mutanen teburinka ba sa son harkar tsafi da gumaka saboda addini, ka cire kawai, rikicin sarauta ba ya buƙatarsu ko kaɗan, na ja wasa wata uku babu sihiri ko ɗaya kuma babu wanda ya nema.

Yaya zan riƙe duk waɗannan zaren a kaina?

Takarda ɗaya. Ka zana sunaye kamar goma, ka ja layi tsakaninsu ka rubuta bashi ko aure ko gaba ko asiri. A ƙasa ka rubuta abin da kowane ɗan takara zai yi mataki-mataki in babu wanda ya tare shi, mataki huɗu ya isa, na ƙarshen ya zama mummuna. Bayan kowane zama ka matsar da wanda 'yan wasa ba su taɓa ba gaba da mataki ɗaya, ka bari su ji sakamakon a gari, an kama wane, an rufe kasuwa, an ga baƙin mahaya a ƙofar gabas.

Ka kuma sa wa'adi. Ni sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in nake amfani da su, masu zaɓe za su zauna ranar bakwai, babban sarki na nesa zai aiko da takardar tabbatarwa kafin arba'in. Kowa ya san kwanakin ba sai an yi bayani ba, kuma duk tafiyar kwana uku da suka yi sun san abin da suka bari a baya. Duk wani asiri mai muhimmanci kuma ka ajiye hanya uku ta gano shi, don in dayis ya ƙi a ɗaya kada labari ya tsaya.

Mutanena faɗa suke so, zance na gundurarsu.

Ka ba su faɗan, amma kowane faɗa ya kasance a kan wani abu. Kare mai zaɓen sarki a hanyarsa ta shigowa birni, ƙwato yaron da aka sace don a juya ubansa, riƙe ƙofa ɗaya har asuba. In kuma suka ce bari kawai su kashe Galadima a huta, kada ka hana, ka tuna musu yana da 'ya'ya da bayi da surukai, kuma ka tuna Yusufu ya mutu Yusufawa ba su watse ba. Wanda zai gaje shi a tafiyar wataƙila ba shi da wannan abu ɗaya da tsohon ba zai taɓa yi ba.

Sun goyi bayan wanda ban shirya zai ci ba, yaya zan dawo da su hanya?

Kada ka dawo da su. Tun farko bai kamata ka rubuta wanda zai ci ba, naka shi ne ka san abin da kowa zai yi, nasu shi ne su karkatar da sikeli. Da zarar sun gane cewa duk abin da suka yi Ciroma ne zai hau, daga ranar sun daina tunani, kuma ba za ka iya dawo da wannan ba.

Zan iya sa sunan masarauta ta gaske da sarakunan yanzu?

Dan Allah kar ka yi. Sarauta a wajenmu abu ne mai rai, a teburinka ma ana iya samun jikan wani gida, kuma abin da kai ka ɗauka wasa shi kakansa ne. Ka ari sunayen sarautu da tsarin da kayan ado, alkyabba da kakaki da tambari, ka ƙirƙiri garinka da kogunansa.

An naɗa sarki, wasa ya ƙare kenan?

Ni a nan nake samun zama mafi daɗi. Sabon sarki ya yi alƙawarin sarautar Waziri ga mutum biyu, kuma dole ɗaya ya ji kunya. Wanda ya faɗi yana nan, a kashe shi ko a kore shi ko a ba shi babbar sarauta a ajiye shi kusa, kuma sarki zai juyo ya tambayi 'yan wasa ra'ayinsu tunda su suka kawo shi. Wanda ya faɗin ma ba sarkin zai riƙe a zuci ba, su zai riƙe, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sannan su kansu sun san yadda aka yi aka hau, sun san wasiƙar da aka ƙona da shaidar da aka saya. A wasan da muka gama bara, zaman da ya biyo bayan naɗi na buɗe shi ne da Shamaki ya zo musu da asuba da riguna huɗu na alfarma da dawaki huɗu, ya ce sarki ya gode, ya kuma ba su riƙon wani gari a can bakin iyaka, tafiyar kwana goma sha biyu, kuma ana so su tashi kafin azahar.